Ahmad Jaudat Basha: Malamin Da Ya Tattara Hukunce-hukuncen Mu'amala A Kundi Ɗaya

Hausawa kan ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Ana faɗin wannan magana cikin raha, amma abin da ke ƙunshe a cikinta ba na raha ba ne, domin ma'anarta ita ce mutum zai iya shiga kotu da gaskiyarsa a hannu, ya fito yana cizon yatsa. Duk ƙasar da wannan hali ya zama jiki a cikinta, za a tarar mai haƙƙi yana barin haƙƙinsa don gudun wahala, mai dukiya yana ɗari-ɗarin ba da bashi ko haɗa jari da wani, shi kuwa mugu ya mayar da sammaci abin razana maƙwabcinsa. A yau ina so in kawo wa mai karatu tarihin wani malami da ya rayu a ƙasar da ta yi fama da irin wannan matsala, ya kuma sadaukar da shekaru mafi albarka na rayuwarsa wajen neman maganinta. Sunansa Ahmad Jaudat Basha, kuma shi ne jagoran kwamitin da ya rubuta kundin dokar nan da ake kira Majallatul Ahkamil Adliyya a Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda hedikwatarta ke Istanbul, birnin da kakanninmu suka sani da sunan Santambul.

An haife shi a farkon shekarun 1820 a garin Lofca, wanda a yau yake cikin ƙasar Bulgeriya, a lokacin kuwa yanki ne na daular. Sunansa na yanka Ahmad. Ya fara karatun Larabci da fiƙihu a wurin malaman garinsu, sannan a shekarar 1839 ya nufi Istanbul don ƙaro ilimi a makarantun da ke kewaye da masallacin Fatih. Abin da ya bambanta shi da yawancin ɗaliban zamaninsa shi ne bai tsaya ga darussan da aka saba ba. Ya nemi ilimin lissafi da manɗiƙi, ya koyi Farisanci har ya karanci manyan littattafan adabinsa, ya kuma riƙa zama a majalisun marubuta. A irin wannan zama ne wani mawaƙi mai suna Sulaiman Fahim ya laƙaba masa sunan Jaudat, wanda ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarar da ya iso Istanbul ita ce shekarar da aka karanta sanarwar Gulhane, wadda ta buɗe zamanin gyare-gyaren da ake kira Tanzimat. A cikinta Sultan Abdulmajid ya yi alkawarin tsare rai da dukiya da mutuncin kowane talaka, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, da kuma cewa ba za a hukunta kowa ba sai bayan shari'a a bainar jama'a. Wanda ya tsara sanarwar, Mustafa Rashid Basha, da ya zama Babban Waziri a 1846, sai ya ga yana bukatar malami a kusa da shi wanda ya san shari'a sosai kuma yake fahimtar halin da duniya ke ciki, don kada dokokin da zai kawo su ci karo da addini. Da ya nemi ofishin Shaihul Islam ya ba shi irin wannan mutum, sai aka turo masa Jaudat, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya zauna tare da Rashid Basha har rasuwarsa a 1858, yana ba shi shawara, yana kuma koyar da 'ya'yansa. A wannan gida ne malamin zaure ya koyi yadda ake tafiyar da mulki.

Tun ayyukansa na farko ana iya gane inda hankalinsa ya karkata, wato sauƙaƙa abin da ya yi wa mutane wuyar fahimta. A 1850 aka ba shi shugabancin makarantar horar da malamai ta Darul Mu'allimin. Shi da abokinsa Fu'ad, wanda daga baya ya zama Babban Waziri, suka rubuta littafin nahawun Turkanci mai suna Ƙawa'idi Usmaniyya, wanda aka daɗe ana karantar da shi a makarantu. An ɗora masa aikin rubuta tarihin daular daga 1774 zuwa 1826, ya yi shi cikin mujalladi 12, da harshe mai sauƙi idan aka gwada da na marubutan fada da suka gabace shi. Ya riƙe muƙamin marubucin tarihi na gwamnati daga 1855, ya kuma kammala fassarar Muƙaddimar Ibn Khaldun zuwa Turkanci, wadda wani malami ya fara tun ƙarnin da ya gabata bai ƙarasa ba. A fagen doka, shi ya jagoranci kwamitin da ya tsara dokar filaye ta 1858. Bayan haka aka tura shi Bosniya a matsayin mai binciken harkokin mulki a 1863, sannan a 1865 ya bi rundunar da aka tura yankin Kozan don ta zaunar da ƙabilun makiyaya wuri guda, aikin da aka yi da lallashi a wani wurin, da ƙarfin soja a wani.

Burinsa a duk wannan lokaci shi ne ya kai ƙololuwar sahun malamai, ya zama Shaihul Islam. Masu adawa da shi a cikin malaman ba su bari ba. A 1866 aka fitar da shi daga sahun malamai, aka ba shi darajar waziri da laƙabin Basha, aka naɗa shi gwamnan Halab. A ido ɗaukaka ce, amma a haƙiƙa an rufe masa ƙofar da yake so. Sai dai wani hanin ga Allah baiwa ne, domin wannan sauyi shi ya share masa hanyar aikin da ake tuna shi da shi a yau. A 1868 aka kira shi Istanbul, aka ba shi shugabancin sabuwar babbar majalisar shari'a, Diwani Ahkami Adliyya, wadda ke saman kotunan gwamnati.

Kafin mai karatu ya fahimci girman aikin da ya tarar, sai ya san yadda shari'a take a daular a wannan lokaci. Akwai kotunan alƙalai masu hukunci da fiƙihun Hanafiyya. Akwai kotunan Kiristoci da Yahudawa masu duba al'amuran aure da makamantansu na mabiyansu. Akwai kotunan ƙananan jakadun Turai, waɗanda tsofaffin yarjejeniyoyi suka ba su ikon hukunta 'yan ƙasashensu, har ma idan rigima ta haɗa Bature da ɗan ƙasa ba a zaman shari'ar sai da tafintan jakada. Akwai kotunan kasuwanci masu aiki da dokar 1850 da aka ɗauko daga Faransa. Sannan daga 1864 aka fara kafa sababbin kotunan gwamnati da ake kira Nizamiyya a larduna, waɗanda a cikinsu ake zaɓo mutanen gari, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, su zauna a matsayin mambobi. Ɗan kasuwar Izmir ko Bairut da ya sayar da kaya bashi bai san gaban wa zai tsaya ba idan ciniki ya lalace, bai kuma san da wane littafi za a yi masa hukunci ba.

Ko a cikin fiƙihun kansa akwai wata wahalar. Ilimi ne mai zurfi da malamai suka gina cikin shekara dubu, amma yana warwatse a manyan littattafai na Larabci, irin su Multaƙal Abhur na Ibrahim al-Halabi, da Durrul Mukhtar da hashiyar Ibn Abidin a kansa, da tarin littattafan fatawa. A mas'ala guda za a sami zancen Imam Abu Hanifa, da na almajiransa Abu Yusuf da Muhammad da Zufar, da tarjihin malaman baya, kuma gano wanda ake aiki da shi aikin gwani ne. Gwanayen kuwa sun yi ƙaranci, balle a cikin mambobin kotunan Nizamiyya da yawancinsu ba su taɓa zama gaban malamin fiƙihu ba. Ita ma dokar kasuwancin da aka aro ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin a Faransa an gina ta ne a kan babban kundin dokar mu'amala, saboda haka da zarar magana ta zo kan jingina ko lamuni ko wakilci sai ta yi shiru, a koma neman hukunci a fiƙihu. Sakamakon haka, ƙara iri ɗaya tana iya samun hukunci biyu a gari biyu. An taɓa yunƙurin magance wannan a 1855 da wani kwamiti da Jaudat ke cikinsa, amma bai wuce babin ciniki ba ya watse.

Manyan gwamnati sun rabu biyu a kan mafita. Babban Waziri Ali Basha, da ministan ciniki Ƙabuli Basha, tare da matsin jakadan Faransa, suna ganin hanya mafi sauri ita ce a fassara kundin dokar Faransa na 1804, wanda aka fi sani da sunan Napoliyon, a yi aiki da shi. Hujjarsu ba ta banza ba ce: kundin a shirye yake, a tsare yake, kuma Turawa sun yarda da shi, wanda hakan zai iya zama tsanin rage ikon kotunan jakadu. Jaudat ya tsaya a kan cewa dokar mu'amala ta kowace al'umma daga rayuwarta take tsirowa, kuma ɗora wa jama'a dokar da ba su san tushenta ba zai ƙara musu nisa ne da kotu. A ganinsa abin da fiƙihu ya rasa shi ne tsari da sauƙin nema, kuma wannan abu ne da za a iya samar masa. Amma yana da wani yaƙin a ɗaya gefen, domin malamai da yawa suna kallon kotunan Nizamiyya kansu a matsayin bidi'a. Don ya kwantar musu da hankali, sai ya fito da wata risala ta malamin nan na ƙarni na 15, Jalaluddin ad-Dawwani, a kan kotunan mazalim, ya nuna cewa sarakunan Musulunci sun daɗe suna kafa kotuna a gefen na alƙalai. A ƙarshe ra'ayinsa ya rinjaya, aka kafa kwamitin malamai a ƙarƙashinsa, cikinsu har da Ala'uddin, ɗan Ibn Abidin mai hashiya.

Kwamitin ya fitar da littafi na farko a 1869, na ƙarshe kuma a 1876. Jimilla littattafai 16 ne masu ɗauke da sashe 1,851, an rubuta su da Turkanci, kowane sashe da lambarsa, da yawa kuma an biyo su da misali daga rayuwar yau da kullum. Sun haɗa da ciniki, da haya, da lamuni, da hawala, da jingina, da amana, da kyauta, da ƙwace da ɓarna, da tarayya, da wakilci, da sulhu, da iƙirari, da ƙara, da shaida da rantsuwa, da aikin alƙali. Kowane littafi sai Sultan ya sa masa hannu kafin ya zama doka, bisa ƙa'idar da malamai suka sani, cewa idan shugaba ya zaɓi zance ɗaya a mas'alar da masu ijtihadi suka saɓa, alƙalansa da shi za su yi hukunci. Da wannan aka toshe babbar kafar rashin tabbas, domin mai ƙara da wanda ake ƙara duka suna iya buɗe littafi ɗaya su ga abin da alƙali zai gani. A farkon kundin kuma aka jera ƙa'idojin fiƙihu guda 99, waɗanda aka tsamo mafi yawansu daga Al-Ashbah wan Naza'ir na Ibn Nujaim da aikin Abu Sa'id al-Khadimi, don mai karatu ya riƙe tushen kafin ya shiga rassa.

Abin da ya fi jan hankalina a Majalla shi ne yawan sassan da manufarsu ita ce kare mutum daga ƙarar da ba ta da tushe. Sashe na 8 ya tabbatar da cewa asalin kowa ba a bin sa komai, na 76 kuma ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai ƙara, rantsuwa a kan mai musu. Sashe na 91 ya nuna cewa abin da doka ta halatta wa mutum ba ya jawo masa biyan diyya, har aka ba da misalin wanda ya haƙa rijiya a cikin filinsa, dabbar wani ta faɗa ta mutu, babu ramuwa a kansa. Wanda aka ba ajiya ta salwanta ba tare da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ba, shi ma ba ya biya. Ba a sauraren ƙarar da hankali ba zai ɗauka ba, kamar mutum ya yi da'awar cewa wanda ya girme shi ɗansa ne, haka kuma wanda ya yi magana biyu masu karo da juna a kan dukiya ɗaya ya rushe ƙararsa da bakinsa. Duk waɗannan hukunce-hukunce suna nan a fiƙihu tun da can. Sabon abin shi ne an fito da su fili, inda mai ajiya da mai gona za su san iyakar abin da ke kansu tun kafin wani ya zo yana yi musu barazana.

Haka kuma an yanke wa ƙara wa'adi. Sashe na 1660 ya hana alƙali sauraren ƙarar bashi ko ajiya ko fili ko gado idan mai ita ya bar ta shekara 15 ba tare da uzuri ba, ƙarar asalin waƙafi kuwa aka ba ta shekara 36. An ware uzurori kamar ƙuruciya da taɓin hankali da doguwar tafiya, an kuma bayyana cewa tsawon zamani ba ya kashe haƙƙi a kan kansa, don haka idan wanda ake ƙara ya amsa a gaban alƙali cewa har yanzu ana bin sa, sai ya biya. Hikimar a fili take: shaidu suna mutuwa, tunani yana dusashewa, kuma bai kamata magada su zauna cikin fargabar wata ƙara da za ta taso daga zamanin kakansu ba. An keɓe littafi guda sukutum ga sulhu da yafiya, aka kuma umurci alƙali ya nemi sasanta 'yan'uwa, ko duk masu husumar da ya ga alamar za su karɓi sulhu, kafin ya yanke hukunci. An hana shi karɓar kyauta daga masu shari'a ko zuwa walimar ɗayansu, an wajabta masa daidaita su a wurin zama da kallo da magana, an hana shi jinkirta hukunci bayan sharuɗɗansa sun cika, an kuma hana sake sauraren ƙarar da aka riga aka yanke bisa ƙa'ida.

Kwamitin bai rufe ido ga bukatun zamaninsa ba. Ya sanya al'ada da abin da 'yan kasuwa suka saba a tsakaninsu cikin abubuwan da ake hukunci da su, ya kuma yarda cewa hukuncin da aka gina kan al'ada yana sauyawa idan zamani ya sauya. Misali mai kyau shi ne cinikin oda, wato mutum ya sa kafinta ko maƙeri ko baduku ya ƙera masa abu. A wani zance na mazhabar, mai odar yana da zaɓin fasawa bayan ya ga kayan. Majalla ta ɗauki zancen da ake jingina wa Abu Yusuf, ta ce da zarar an ƙulla babu mai janyewa, sai idan kayan bai zo yadda aka siffanta ba. Dalilin shi ne a zamanin masana'antu da jiragen ruwa, wanda ya kashe dukiyarsa ya ƙera kaya bisa alkawari bai kamata a bar shi da su a hannu ba. Ko zaman maƙwabtaka an tsara shi: kowa yana da ikon yin abin da ya so a gidansa, sai idan cutarwar ta yi muni, kamar tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci inda mata ke zama, ko maƙerar da bugunta ke raunana bangonsa.

Aikin bai tafi salin-alin ba. Shaihul Islam na lokacin, Hasan Fahmi, yana ganin rubuta irin wannan kundi haƙƙin ofishinsa ne, masu son dokar Faransa kuma ba su haƙura ba. A 1870 aka sauke Jaudat, aka mayar da kwamitin ƙarƙashin ofishin Shaihul Islam. Littafi na shida, wanda ya shafi ajiya, ya fito ba da hannunsa ba, kuma suka da ya sha ta kai ga janye shi. A 1871 aka dawo da Jaudat, ya sake rubuta shi da sunan littafin amana, ya ci gaba da jagoranci har aka kammala, duk da cewa a tsakani ana ta sauya masa muƙamai. Ya riƙe ma'aikatar shari'a sau biyar a rayuwarsa, ya kuma riƙe ta ilimi. Da yake ya san kundi ba ya aiki da kansa, ya tsaya wajen buɗe makarantar koyon aikin shari'a a Istanbul a 1880, inda shi da kansa ya ba da darasi.

Mutum tara yake bai cika goma ba, kuma tarihin Jaudat yana da tabon da masoyansa ma ba sa iya ɓoyewa. Bai ga maciji da Midhat Basha ba, jagoran tsarin mulkin 1876, kuma sun yi saɓani mai zafi a lokacin tsara shi. A 1881, lokacin da Sultan Abdulhamid na Biyu ya sa aka gurfanar da Midhat a fadar Yildiz bisa zargin hannu a mutuwar Sultan Abdul'aziz, Jaudat ne ministan shari'a, kuma ya taka rawa a wannan shari'a da masana tarihi da yawa suke ɗauka ta siyasa ce. An yanke wa Midhat hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗauri a Ɗa'ifa, a can kuma aka kashe shi a 1884. Abin takaici ne a ce mutumin da ya rubuta wa ƙaramin alƙali ladubban adalci bai iya tsayar da su ba a ranar da mai mulki ya bukaci akasinsu. A nan nake ganin iyakar kowane kundi: yana kare talaka daga ɗan'uwansa talaka, amma kare shi daga sarki sai da alƙalai masu 'yancin kansu.

Ita ma Majalla tana da nata gibin. Ta tsaya a cikin mazhabar Hanafiyya kaɗai, alhali a wasu mas'alolin ciniki sauran mazhabobi sun fi sauƙi. Ba ta taɓa aure da saki da gado da wasiyya ba, waɗanda su ne suka fi kai talaka gaban alƙali, sai a 1917 aka yi dokar iyali. Masana doka na baya sun soki yadda ta fi yawaita misalai a kan shimfiɗa ƙa'ida gamammiya ta yarjejeniya. Ba ta kuma kawar da kotunan jakadu ba, domin waɗannan ƙarfin siyasa ne ya kafa su. A ƙarshen shekarun 1880 Sultan Abdulhamid ya rufe kwamitin, don haka ba a sami mai ci gaba da sabunta ta ba. Jaudat ya ƙarasa rayuwarsa yana rubuce-rubuce, ciki har da Ƙisasul Anbiya da ya yi wa talakawa da harshe mai sauƙi, da kundayen tunawa da al'amuran mulki da masana tarihi ke dogaro da su har yau. Ya rasu a Istanbul a watan Mayun 1895, aka binne shi a maƙabartar masallacin Fatih, kusa da inda ya yi karatu. 'Yarsa Fatima Aliya ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka rubuta ƙagaggun labarai da Turkanci, kuma a 2009 aka sa hotonta a takardar kuɗi ta lira 50.

Aikin nasa ya fi daular da ta sa shi tsawon rai. Jamhuriyar Turkiyya ta ajiye Majalla a 1926 ta ɗauko dokar Suwizalan, wato abin da Jaudat ya yi yaƙi da shi ya faru shekara 31 bayan rasuwarsa. Amma a ƙasashen Larabawa da suka fita daga daular an ci gaba da hukunci da ita: a Labanan har farkon shekarun 1930, a Siriya har 1949, a Iraƙi har farkon shekarun 1950, a Jodan har 1976. Isra'ila ma ba ta soke ta a hukumance ba sai a 1984, kotunan Falasɗinawa kuwa sun ci gaba da komawa gare ta. Sabon kundin Iraƙi, wanda masanin nan na Masar Abdurrazzaƙ as-Sanhuri ya jagoranci tsarawa, ya ɗebi abubuwa da yawa daga cikinta. Ta ƙetara har jihar Johor ta Maleshiya, inda aka fassara ta zuwa harshen Malay a 1913. Ali Haidar ya yi mata babban sharhi mai suna Durarul Hukkam, wani lauya Kirista ɗan Labanan, Salim Rustum Baz, shi ma ya yi mata nasa da Larabci. A yau masu nazarin bankin Musulunci suna yawan komawa ga ƙa'idojinta da babin cinikin oda.

Mu a nan Arewa ba Hanafawa ba ne, kuma tarihin kotunanmu daban yake, don haka ba ina kira a ɗauko Majalla a dasa mana ba, wanda yin hakan ma saɓa wa hujjar mai ita ne. Amma tambayar da ya fuskanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dokokin laifuka an daɗe da zuba su a kundi, tun daga Final Kod na 1960 har zuwa kundayen shari'a da jihohi suka yi daga shekarar 2000. Ɓangaren mu'amala kuwa, inda rigimar gona da bashi da haya da gado take, alƙalanmu suna komawa ne ga Mukhtasar da Risala da Tuhfa da sharhohinsu, littattafai masu daraja waɗanda mafi yawan masu tsayawa gaban kotu ba za su iya karantawa ba. Masu tsoron rubuta fiƙihu a kundi suna da hujja, domin kundi yana iya daskarar da ijtihadi, kuma yana miƙa wa 'yan majalisa abin da yake hannun malamai. Amsar da rayuwar Jaudat ta bayar ita ce malamai su riƙe alƙalamin da kansu, su rubuta da harshen da jama'a ke ji, su kuma bar ƙofar gyara a buɗe, abin da magadansa suka kasa yi.

Ina ganin wannan aiki ne da ya dace manyan alƙalanmu da malaman fiƙihu da sassan koyar da shari'a na jami'o'inmu su zauna a kansa, ko da za a fara ne da babi ɗaya kamar ciniki ko haya, cikin Hausa da Larabci, a gwada a gani. Jaudat ma da babin ciniki ya fara, kuma shekara bakwai ya ɗauka kafin ya kai na ƙarshe. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, mu kuma Ya ba mu shugabanni da alƙalai masu tsoronSa.